Idon Hagu da Icen Talih

Asabar, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Da ido ɗaya nake rubutu, shi ya sa layukan suke gangarawa ƙasa. Na hagun yana cikin murfin roba da aka manne da filasta. Tun jiya yake zubar da ruwa, cikinsa kuma kamar an zuba yashi.

Mijina Muntasir ya dawo daga Jidda shekaranjiya. Sama da shekara rabonsa da garinmu Umdurman. An ce sai ƙarshen wata za a ba shi hutu, kwatsam suka matso masa da shi. Da na sani da ban bari an taɓa idon nan ranar Lahadin da ta wuce ba, da na jira ya zo ya koma.

Tun ina sakandare nake ganin wata da 'yan rakiya. Kowa ɗaya yake gani, ni ina ganin babba da ƙanana suna biye da shi kamar amarya da ƙawayenta. Ban taɓa ɗaukar abin ciwo ba, har daɗi yake mini. Sai da tabarau ya daina yi mini amfani Dakta Tajassir ya duba, ya ce tantanin gaban idona ne ya yi siriri, yana turowa waje yana tsini kamar kan ƙwai. Ya ce ba a mayar da shi yadda yake, amma ana iya tsayar da shi kada ya ci gaba. Na hagu ya fi lalacewa, da shi aka fara. Ya kankare saman, ya yi ta ɗiga wani ruwa rawaya, ya haska shuɗiyar fitila, sannan ya rufe ciwon da wani ɗan gilashi mai laushi kamar ɓawon albasa. Ya ce ban da ruwa, ban da ƙura, ban da kwalli, ban da hayaƙi, ban da yatsa, har sai ya cire gilashin da hannunsa.

Na ce to. Hajja, mahaifiyar Muntasir, tana zaune a wurin, ita ma ta ce to.

Litinin lafiya, Talata lafiya. Ran Alhamis Muntasir ya sauka, aka yanka rago, gida ya cika. A littattafan da nake karantawa, idan miji ya dawo daga nesa tsayawa yake a bakin ƙofa ya kasa magana. Nawa ya shigo da akwatuna yana atishawa, ya kalli filastar ya ce, "Wijdan, wa ya naushe ki? Faɗa mini sunansa." Ya yi dariya, na yi.

Laraba kam ba zan rubuta ta ba.

Lahadi, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mun haye gada zuwa Hartum mu uku. A gidan nan ba a shiga wurin likita a bar wani a waje, balle Dakta Tajassir, wanda abokin marigayi baban Muntasir ne, tare suka yi sahun salla shekara da shekaru. Sai da suka gama gaisuwa da tambayar mutanen Jidda ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce in sa haɓata a na'urar.

Ya cire gilashin. Ya daɗe yana kallo, har na ji ƙarar fankar sama.

"Akwai ɗan fari a tsakiya," in ji shi. "Ƙwayar cuta ta shiga. 'Yata, wani abu ya taɓa idon nan? Ruwan randa, ƙasa, ganye, wani abu na itace?"

Muntasir yana bayana, hannunsa a kan kujerata. Hajja tana gefe tana gyara lafayarta.

Na ce, "Babu."

"Gilashin bai taɓa fita ba?"

Na ce, "A'a."

Ya kankari kaɗan ya aika ɗakin gwaji. Ya ce zai fara da maganin ƙwayar da aka fi gani, a ɗiga kowace awa, dare da rana. Sannan ya ce, yana rubutu bai dube ni ba, "Na tambaya ne don cutar da ke zuwa daga itace ko ƙasa maganinta daban ne, kuma ita ba ta saurin nuna kanta a gwaji. Idan kin tuna wani abu ki faɗa mini."

A hanyar dawowa Hajja ta sa an tsaya ta saya mini ruwan lemo. Ban iya sha ba.

Litinin, 7 ga Nuwamba, da asuba

Ba ƙarya na yi niyya ba. Bakina ne ya riga ni.

Talata, 8 ga Nuwamba, da azahar

Littattafaina sun tafi.

Muntasir yana kaɗe shimfiɗa ya ci karo da ɗaya a ƙarƙashin matashi, wanda na sayo a wurin mai shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da tasha, mai bangon da ya yage. Ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar ya kamo ɓera.

"Yauwa. Ga mai laifin."

Na ce ban karanta ba tun ranar aikin.

"Ke? Ke da kika ƙona miyar kuɓewa saboda wani bature ya tsaya a cikin ruwan sama yana jiran budurwa? Wijdan, rubutun nan kamar ƙafar tururuwa. Mai ido lafiya ma zai makance."

Ya ɗauko kwalin da ya kawo tsaraba a ciki ya kwashe su duka, na ƙarƙashin gado da na saman kwaba da na cikin jakar lalle. Bai yi faɗa ba, yana yi yana tsokanata, yana karanto bayan bango da muryar mai labarai. Ya ɗaure kwalin da igiya ya kai shagon ƙanensa.

Ina tsaye ina kallo. Gaskiya na faɗa, ban karanta ba. Amma da ya ɗora musu laifin sai na ji wani sanyi a ƙirjina, na bar su suka ɗauka. Su da ba su taɓa yi mini komai ba sai hira a shekarar da ba ya nan.

Wannan littafin rubutun ya tsira don yana cikin kayan ɗinki.

Laraba, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Yau Laraba. Na ƙi fita bayan madafi, ko shanya ban je kwasowa ba.

Alhamis, 10 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yayata Awadiya ta zo daga Bahri, tsallaken kogi, da kular gurasar fatira da bakinta. Ta kori yaran maƙwabta, ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gadon igiya ta riƙo hannuna tana juya shi a haske. Ta shinshina wuyan lafayar da ke rataye a ƙofa.

"Ke 'yar nan. Fatar nan ba ta mai jinya ba ce. Wannan launin na san inda ake samo shi."

Na janye hannuna.

"Kin zauna a rami?"

Na ce sau ɗaya ne.

"Da idon a haka? Ke wai kanki littafi ne ko kabewa?"

Na ce kaina ai a waje yake, bargon a wuya ya tsaya kamar yadda kowa take yi. Na ce ita ma da mijinta ya dawo daga Fot Sudan kwana nawa ta yi tana duhan, turaren jikin nan na rami, har maƙwabta suka zaci gobara.

"Ni da idona biyu na shiga, da biyu na fito. Kin gaya wa likita?"

"A gaban Muntasir? A gaban abokin babansa, mai furfura har gemu? In ce masa me, Awadiya? Ke kin taɓa furta kalmar nan a gaban namiji?"

Ta yi tsaki, amma ba ta ce ta taɓa ba. Duk garin nan an san matar aure tana zama a kan hayaƙin icen talih mai ƙanshi kafin mijinta ya dawo, maza suna jin ƙanshin a motar haya su sunkuyar da kai. Ana sani, ba a faɗa. Ta ce to ita za ta kira asibitin ta faɗa. Na kama gefen lafayarta na sa ta rantse da kabarin Baba ba za ta yi ba. Na ce maganin zai yi aiki, a ba shi kwana biyu. Na ce Muntasir shekara ya yi yana kwana ɗaki ɗaya da ƙarti don a yi mini aikin nan, ba zan iya duban idonsa in ce na ɓata shi a kan ƙanshi ba.

Ta ce, "Ai kuwa in kika ci gaba a haka ba za ki dubi idon kowa ba."

Ban gaya mata sauran ba. Hayaƙin ba shi ne duka ba.

Juma'a, 11 ga Nuwamba, kafin a sauko masallaci

Hajja ce take ɗiga mini maganin. Ta karɓe aikin daga hannun Muntasir, ta ce hannunsa na ɗaukar kaya ne. Tana zuwa a kan lokaci ba tare da agogo ba, ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗora kaina a cinyarta, ta buɗe fatar idon da yatsa mai sanyi. Ba ta kallon ɗayan idon. Ni ma silin nake kallo.

Ranar da ba na son rubutawa, da safe, na buɗe ƙofata na tarar da ɗaurin icen talih a ƙasa, ja, mai kyau, irin wanda ake zaɓa ɗaya ɗaya, da bargon gashi a naɗe a kansa. Hajja tana tsakar gida tana soya kofi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Jirginsa gobe da la'asar." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ba ta ce in yi ba. Zan iya ɗauke icen in ajiye. Wannan nake ta gaya wa kaina don kada in sami wanda zan jingina wa.

Yau na leƙa ta taga. An kwashe tokar, an kife tsohon faranti a bakin ramin, an ɗora tukunyar fure a kai.

Asabar, 12 ga Nuwamba, da yamma

Haske ya zama abokin gaba. An rataya zanen gado a taga.

A wani littafina yarinyar ta makance, kowa ya ƙara sonta, tana zaune a lambu da fararen kaya ana karanta mata wasiƙu. Ba a faɗi cewa ido yana wari ba. Ba a faɗi kwantsa ba. Ita kuma dokin wani ne ya ture ta, ba ita ta yi wa kanta ba.

Lahadi, 13 ga Nuwamba, bayan azahar

Farin ya ƙaru. Dakta Tajassir ya ce gefensa ya yi gashi gashi, ga wasu ƙananan ɗigo sun fito kewaye da shi. Gwajin bai nuna komai ba tukuna. Ya sake kankara. Na ji a raina, ga 'yan rakiya sun dawo, amma a cikin idon.

Ya jawo kujerarsa kusa da ni. "'Yata, ba na son kamannin abin nan. Zan ƙara wani magani a kan zato, amma zato ba ya isa in sa allura a cikin ido. Ki sake tunani. Ko tsinke ne, ko toka."

Toka.

Kafin in buɗe baki Muntasir ya ce, "Baba Dakta, da girmanka, yarinyar nan ko tsakar gida ba ta fita. Littattafan ma na kwashe. A duba wajenku. Wa ya san yadda ake wanke kayan aikin nan?"

"Karatu ba ya sa wa ido ƙwayar cuta, ɗan abokina. Ka mayar mata da kayanta." Dakta bai ɗaga murya ba. "Kayan aiki kuma na sa an duba. Mutum nawa na yi wa a ranar, duk suna lafiya. Amma kana da damar tambaya."

Hajja ta ce, "Muntasir, zauna."

Bai zauna ba. Ya ce zai kai ni Alƙahira. Dakta ya ce ya kai ni duk inda ya so, amma tantanin yana ƙara siriri a wurin ciwon, idan ya huje ba zancen gani za a yi ba, zancen ceton ƙwayar idon za a yi. Ya ce mu dawo jibi da sassafe.

Ina zaune a tsakaninsu kamar buhun gawayi. Dattijo yana shan zargi a ofishinsa saboda ni, na bar shi ya sha.

Litinin, 14 ga Nuwamba, da hantsi

Na rufe na dama don in gwada. Ba na ganin yatsuna. Ina ganin wani abu yana motsi, shi ke nan.

Litinin, bayan magariba

Muntasir ya kawo mini shayi da madara da zalabiya, irin fanken nan, daga wurin mai shayin bakin titi, ya zauna a ƙasa kusa da gado yana tsoma mini yana ba ni a baki. Ya ce laifinsa ne. Ya ce da yana nan da ba a yi aikin a hannun tsoho ba, da ya kai ni inda ake da sababbin na'urori. Ya ce gobe a gaban marasa lafiya zai faɗa wa Dakta abin da ke ransa, abotar babansa ta tsaya a kabari.

"Kin san me nake tunawa a can?" in ji shi. "Yadda kike matse ido idan kina nemana a cikin taro. Kamar mai zaɓen tumatir."

Na yi kuka, ya ce in bari, hawaye zai wanke maganin.

Da faɗa yake yi da ya fi mini sauƙi.

Talata, 15 ga Nuwamba, da la'asar, a gadon asibiti

Na faɗa.

Mun shiga, Muntasir ya ƙi karɓar hannun Dakta, ya ja numfashi zai fara. Ban shirya ba, ban tsara kalmomi kamar yadda matan littafi suke tsarawa ba. Na dai ji muryata tana cewa, "Baba Dakta, na yi duhan."

Ma'aikaciyar da ke jera kwalabe ta juya mana baya. Na kafa idona mai kyau a kan takalmin Dakta, baƙi ne, an sake masa dunduniya, na yi masa bayanin kamar shi ya tambaye ni.

Na ce ranar Laraba ce, jajibirin dawowarsa, bayan la'asar. Na shafa mai, na zauna a tabarmar bakin rami, na rufa da bargo har wuya. Na cire murfin robar don gumi yana taruwa a ciki. Icen ya yi tartsatsi, wani abu ya faɗa mini a ido, na murza kafin in tuna. Gilashin ya fita ya faɗi a kan tabarma, cikin toka da ɓawon ice. Na lalubo shi. Na ji tsoron a ce na yar da abin da aka ce kada in taɓa, sai na ɗauraye shi da ruwan randa na mayar da shi da yatsana. Sannan na koma na ƙarasa zamana, don icen bai cinye ba.

Wannan na ƙarshen ba a tambaye ni ba. Ban san me ya sa na faɗa ba.

Muntasir ya ce, "Wane ice? A ina kika sami ice kina kwance?"

Hajja ta ce, "Ni na saya."



Dakta Tajassir bai yi salati ba, bai girgiza kai ba. Ya ce, "Tabarmar ta kaba ce?" Na ce e. "Randar a rufe take?" Na ce da faifai. Ya miƙe ya ce a shirya ɗakin aiki, a ba ni gado. Da zai fita ya tsaya kusa da ni ya ce a hankali, "Matata ma tana da ramin a gida, 'yata. Shekara talatin ina wucewa ta gefensa ina yin kamar ban gani ba. Da ranar farko kika faɗa da na fi jin daɗi, amma yau ta fi gobe."

An yi mini allura a cikin idon. An canza magungunan duka. Ban ji zafin allurar kamar yadda na ji zafin fitowa in wuce ta gaban Muntasir ba.

Laraba, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Muntasir ya kawo ful, dafaffen wake, da burodi ya ajiye, ya tambayi ma'aikaciya ko na yi barci. Ita ya tambaya.

Juma'a, 18 ga Nuwamba, da yamma

Gwaji na biyu ya fito. Irin cutar da Dakta ya yi zato ce, mai zuwa daga itace. Ya ce farin ya tsaya, bai ragu ba amma ya tsaya.

Hajja ce take kwana da ni. Yau tana ɓare mini lemo ta ce, ba ta dube ni ba, "Ranar da baban Muntasir ya dawo daga aikin jirgin ƙasa, uwarsa ta shinshina ni a bakin ƙofa ta ce, wannan matar aure ce ko ɗalibar makaranta? A gaban baƙi. Ban so a yi miki haka ba." Ta miƙo mini ɓarin lemon. "Ga shi na yi miki wanda ya fi."

Na ce ni na mayar da gilashin, ba ita ba.

Ta ce, "Ci lemonki."

Awadiya ta zo ta ce da ta san rantsuwar da na sa ta za ta kai nan da ta karya ta yi azumin kaffara. Ta ce duk Bahri an ji, wata ƙawarta ma ta ce a tambaye ni a ina aka sayi icen, tunda har ya fi ido daraja. Ta yi dariya, sannan ta fita baranda ta daɗe.

Talata, 22 ga Nuwamba, bayan la'asar

An sallame ni jiya. Na tarar da kwalin a kan gadona, igiyar ma ba a kwance ba.

Yau ya shigo ya zauna a bakin gado ya ba ni baya. Ya ce ya je ya ba Dakta haƙuri, tsohon ya sa shi shan kofi har kofi uku don horo. Sannan ya juyo da zancen kaina.

"Kwana tara kin sani, kina kallona har na zagi dattijo."

Na ce e.

"Na kwashe miki littattafai kina kallo."

Na ce e.

"Don me, Wijdan? Ni na ce ki yi? Na taɓa cewa ki yi?"

Na ce bai taɓa ba. Na ce shekara guda nake tsara yadda zai shigo ya same ni, na tsara har inda zan tsaya, sai ga ni da filasta a fuska kamar wadda aka ɗauko daga hatsarin mota. Na so ko abu ɗaya ya zama yadda na tsara.

Ya goge fuskarsa da tafin hannu. Kafaɗarsa ta fara rawa, na zaci kuka yake, ashe dariya ce take neman ƙwace masa, irin wadda ba ta da daɗi.

"Wallahi ban ji komai ba," in ji shi. "Mura na kwaso a jirgi. Mako guda ko warin ragon ban ji ba."

Ban san ko dariya zan yi ko in shige ƙarƙashin gado ba. Na ja lafaya na rufe kaina. Ya bar ni a haka, ya kwance igiyar kwalin, ya zaro ɗaya ya ce, "Wanne ne na baturen da ke tsaye a ruwan sama? Bari mu ga ko ya kamu da mura shi ma."

Karatunsa ba daɗi. Yana tsallake layi, yana tsayawa ya yi wa jarumin faɗa. Na bar shi ya yi shafi huɗu.

Laraba, 30 ga Nuwamba, da hantsi

Ciwon ya rufe. Ya bar tabo fari a tsakiya, daidai inda ake gani. Dakta ya ce idon ya tsira, ganin ne bai tsira ba. Nan gaba, idan komai ya lafa, za a iya dasa mini tantanin wani, wanda ya rasu ya bari. Sai an jira, kuma ba alkawari. Ya ce da an fara maganin a makon farko wataƙila tabon bai kai haka ba. Ni na tambaye shi, bai so faɗa ba.

Na dama kuma za a yi masa nasa aikin bayan watanni. Ya kalli Hajja ta saman tabarau ya ce, "Wannan karon a zaɓi watan da babu mai dawowa daga ko'ina."

Hajja ta ja lafaya ta rufe baki.

Na kalli madubi yau. Ba ya ɓoyuwa. Duk wadda ta tambaya, sai in ce ciwo ne, ita kuma ta riga ta ji a wurin wata.

Alhamis, 8 ga Disamba, bayan magariba

Muntasir ya tafi ɗazu. Ban tsara komai ba wannan karon. Na tsaya a bakin ƙofa da tabarau baƙi, ya ce in rage ƙona miya, ya shiga mota.

Wata ya cika yau. Na rufe na dama na duba da na hagu. Babu amarya, babu ƙawaye, sai wani haske kamar fitila a bayan jiƙaƙƙen zane. Na buɗe na dama suka dawo, su duka, suna biye da ita. Na daɗe ina kallonsu, tunda yanzu na san ba kyauta ba ne.

Da zan shiga na bi ta bayan madafi, karo na farko. Tukunyar furen tana nan a kan farantin. Ragowar icen yana jingine a bango inda na bar shi, amma an kwance ɗaurin, an zare guda, an sake ɗaurewa da irin ƙullin da ake yi wa kwali.

Na ce, "Hajja, wa ya taɓa icen nan?"

Tana tankaɗen garin gurasar kisra ba ta ɗago ba.

"Na ga wani yana tura abu a akwati yana shinshinawa," in ji ta. "Amma ni ban ga komai ba. Zo in ɗiga miki magani, lokaci ya yi."